Yatsun Goggo Dudu

Kwana biyu aka ɗauke ni tafinta a Bauchi,
taron likitoci kan sankarar mata.
Da sassafe na bi ta Wunti,
na ratsa layin masu saiwa da sassaƙe,
inda ake auna garin sabara da gwangwani,
wanzami na wasa aska a tafin hannu.
Garin nan ya daɗe yana jinyar kansa
tun kafin a ɗinka farar riga.

A zauren, sanyin na'ura har haƙora na karo.
Dakta Rifkatu ta haska allo,
ta jero alƙaluma, kaza cikin ɗari,
ni kuma ina juye su cikin Hausa
kamar mai fifita kunu, kwano zuwa kwano.
Bai huce ba.

Su suna da sunansa a takarda, dogo, mai gaɓoɓi.
Mu daji muka ce masa:
inda babu gida, babu mai nuna hanya.

Goggo Dudu ko wannan sunan ba ta faɗi.
Ungozoma ce a Jahun, shekara arba'in da ɗoriya,
rabin unguwa a hannunta suka yi kukan fari.
Tana da bagaruwa, tana da tazargade,
da kanwa ungurnu a ƙullin tsumma.
Wani dare ina riƙe mata fitilar ƙwai
ta shafa ƙirjin wata mai jego,
yatsunta suka tsaya cak kusa da hammata.
Ta daɗe.
Ta janye hannun, ta goge a zane ko da bai jiƙe ba.
"Wannan ba nawa ba ne.
Gobe sai asibiti, kada ki biya ta wurin kowa."
Matar ta biya ta wurin kowa da kowa,
mai hayaƙi, mai tsaga, mai ƙulli.
Ba a yanke gero ba muka je gaisuwa.

Bayan azahar aka ba zaure dama.
Sa'ade daga Liman Katagum ta miƙe a kujerar baya,
mayafinta kwance shafal a gefen hagu.
"Ni an cire mini, ga ni, ban mutu ba.
Amma tun safe kuna cewa a zo da wuri.
To, wurin ne ba mu da shi."

Mata suka yi dariyar da ba ta kai ido ba.
Baƙi suka juyo suna jirana.
Yaya zan ce musu kalma ɗaya ce:
wuri na sammako,
wuri na kuɗin mota da akuyar da aka sayar,
da wurin shimfiɗa tabarma in an iso
an ce likita sai Litinin?
Na fassara ta sau uku.
Dakta Rifkatu ta ajiye biro,
sannan ta sake ɗauka, ta ce in maimaita a hankali.

Daga ƙarshe aka zagayo da nonon roba,
an ɓoye ƙullutu a ciki kamar ƙwayar gurjiya.
Hannu zuwa hannu, ana kunya, ana kyakkyata.
Da ya iso kaina ban nema ba.
Yatsuna ne suka tafi da kansu, suka tsaya cak.
Ashe gado ba sai an raba ba.

Yanzu dare ne, an ɗauke wuta a masauki.
Na ɗaga hannun hagu bisa kai yadda aka nuna,
na bar na dama ya yi tafiyarsa.
Ban sani ba, Goggo,
ko shi ya tsaya, ko ni na tsayar da shi.

An ce ana gwaji gobe kafin a buɗe zama.
Zan yi sammako.
Ba zan biya ta wurin kowa ba.